Hoton zamani: sanin haske ya fi tsadar na'ura

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, ciniki da yawa a yau cikin waya yake ƙarewa tun mai saye da mai sayarwa ba su haɗa ido ba. Ɗan kasuwa ya ɗauki hoton turmin atamfa, ko buhun aya, ko ragon layya, ya aika Yamai ko Kano ko Kwatano ta WhatsApp. A can a duba, a taya, a sallama, a aiko da kuɗi. Haka abin yake a ma'aikatu, inda takardar da a da sai an ba direba ya kai ta wata jiha, yanzu hotonta ke riga ta isa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To amma idan hoto ya nuna shadda shuɗiya alhali koriya ce, ko lambar takarda ta fito dishi-dishi har aka karanta 8 a madadin 3, ganin ya zama fitina: a mayar da kaya, a yi asarar kuɗin mota, amanar da aka shekara ana ginawa ta sami tabo. Saboda haka filin na wannan mako ya tattaro wasu shawarwari da labarai game da hoton dijital, wanda masu jin Faransanci ke kira nimerik, domin amfanin ƴan kasuwa da ma'aikata.

Daga fim zuwa aljihu

A shekarar 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa kamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kai kilo 3,6, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10.000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda a kan kaset. Kamfanin, wanda arzikinsa a kan sayar da fim yake, bai yi gaggawar rungumar wannan sabon abu ba, kuma a watan Janairu na 2012 ya nemi kotu ta kare shi daga masu bin sa bashi. A 1999 da 2000 kamfanonin Kyocera da Sharp na Japan suka fitar da wayoyi masu kamara, daga nan kasuwa ta juya. Ƙididdigar ƙungiyar masu ƙera kamara ta Japan ta nuna cewa a 2010 an fitar da kamara wajen miliyan 121, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ta cinye kasuwar ƙananan kamarori, kowa ya zama mai hoto. Abin da bai yaɗu tare da na'urar ba shi ne ilimin da tsofaffin masu hoto suka daɗe suna aiki da shi.

Maganar megapiksel

Mai sayar da waya yakan fara da kirarin yawan megapiksel: 48, 50, 108. Megapiksel guda na nufin ɗigo miliyan ɗaya, kuma hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera kamar saƙar tabarma. Domin a wanke hoto mai kyau na santimita 10 a kan 15, ɗigo wajen miliyan 2 sun wadatar. Cikakken shafin takardar biro, wato A4, bai kai miliyan 9 ba. Yawancin wayoyin da ke kirarin 48 ko 50 ma, haɗa ɗigo huɗu suke yi su zama ɗaya, su ba da hoto mai miliyan 12 ko kusa da haka. Abin da ya fi tasiri shi ne faɗin farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi, da ingancin gilashin kansa. Don haka wanda zai sayi waya saboda hoto, ya roƙi a bar shi ya gwada ta a cikin shago mai ƙarancin haske, ya buɗe hoton ya faɗaɗa shi da yatsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Haka nan a yi hattara da zum. A wayoyi da dama, jawo abu kusa da yatsu biyu yanke gefen hoto ne kawai da kumbura abin da ya rage, shi ya sa yake fitowa kamar an shafa masa ruwa. Matsawa kusa da ƙafa ya fi, in da hali.

Rana da inuwa

Ƙasar Nijar ba ta rasa rana ba, yawanta ne matsalar mai hoto. Daga walaha zuwa bayan azahar rana tana bisa kai, sai inuwa ta taru a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, hula ko rawani su rufe goshi, mutum kuma ya yamutsa fuska. Lokacin da ya fi dacewa da hoton mutum shi ne hantsi da kuma la'asar sakaliya, sa'ad da haske ke zuwa ta gefe, mai laushi. Idan dole ne a ɗauka da rana tsaka, a shiga inuwa mai faɗi, kamar bakin zaure ko gindin rumfa, a tsayar da mutum yana fuskantar wajen da haske ke shigowa. Inuwar bedi da ta ɗorawa tana da illa guda, domin hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayar da mutum ya ba taga ko ƙofa baya. Kamara tana auna hasken duk abin da take gani ta ɗauki matsakaici. Idan bayan mutum ya yi fari fat, sai ta rage haske, fuska ta koma duhu. Irin haka ke faruwa ga mai farar babbar riga ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure: rigar ta fito, mai rigar ya ɓace. Maganin yana da sauƙi. A taɓa fuskar a kan allon waya kafin a ɗauka, sa'an nan a ja ɗan alamar rana da ke bayyana zuwa sama kaɗan. A kamara kuwa, akwai maɓallin da ke da alamar + da –; a ƙara rabin mataki ko mataki guda. Farin ƙyalle ko farin kwali da wani zai riƙe a gefe yana mayar da haske kan fuska, kuma ba a biyan ko dala a kansa.

Wannan matsala ta baƙar fata tana da tarihi. Shekaru da dama ɗakunan wanke hoto suna daidaita launi da wani kati na Kodak mai hoton farar mace, har sai da masu sana'ar cakulan da masu kayan katako suka yi kuka cewa launukan ƙasa-ƙasa na kayansu ba sa fitowa. A wannan zamani kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ya gina wani ɓangare na kasuwarsa a Afirka a kan kamarar da aka daidaita domin baƙar fata, Google kuma ya fito da nasa tsarin mai suna Real Tone a 2021. Sai dai wayoyi da yawa suna zuwa da wani gyara na kwalliya a kunne, wanda ke goge fuska ya haskaka ta har mutum ya daina kama da kansa. Ya kamata a kashe shi, musamman ga hoton da zai shiga takarda.

Hoton haja

Ga ɗan kasuwa, launi kuɗi ne. Kowane haske yana da nasa launi ko da ido bai lura ba: tsohon ƙwan lantarki yana ba da rawaya, dogon ƙwai yakan karkata zuwa kore, wasu fitilun zamani kuma shuɗi-shuɗi. Tamfol shuɗi ko ja da aka yi rumfa da shi yana rina duk abin da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka mai atamfa ko shadda ko leshi ya fito da kayan bakin shago, cikin inuwa, inda hasken sama kaɗai ke sauka, ya kashe fitilar waya. Ya ajiye farar takarda a gefen kayan: idan takardar ta fito fara a hoto, launin kayan ya yi kusa da gaskiya, idan ta fito rawaya ko shuɗiya, a sake wuri.

Shadda da azurfa da takalman fata masu sheƙi suna mayar da haske kamar madubi, don haka ana karkata su kaɗan har ƙyallin ya kauce. Zanen shadda kuwa ya fi fitowa idan haske ya zo ta gefe. Kayan da ake saye da girma, irin su albasar Galmi ko aya ko riɗi, a ɗora su a tafin hannu ko kusa da kwalin ashana domin mai saye ya gane girmansu. Dabba kuma, ko balami ne ko jar akuyar Maraɗi, a durƙusa daidai tsayinta a ɗauke ta ta gefe, domin ɗauka daga sama tana ƙara girman kai ta rage jiki. Hoto uku sun isa kowace haja: ɗaya na kayan gaba ɗaya, ɗaya na kusa, ɗaya na tambari ko lambar kaya. In akwai aibi, a nuna shi. Wanda ya ga tabo a hoto ya saya ba zai dawo da ƙorafi ba.

Takardun aiki da hoton shaida

Ma'aikacin da zai ɗauki hoton takarda ya shimfiɗa ta a kan tebur kusa da taga, ya riƙe waya daidai samanta ba a karkace ba, ya kula kada inuwar hannunsa ta faɗa kan rubutu. Manhajar Google Drive da ta rubutu ta iPhone suna da wurin da ake kira sikan, wanda ke miƙe gefen takarda, ya haɗa shafuna da yawa cikin fayil guda na PDF. Kafin a aika, a faɗaɗa hoton a tabbata hatimi da sa hannu da lambobi suna karantuwa. Takardar sirri kuwa, ko ta albashi ko ta asibiti ko ta shari'a, da zarar ta shiga zauren WhatsApp ta fita hannun mai ita, ba ta kuma dawowa.

Hoton fasfo da biza galibi santimita 3,5 ne a kan 4,5, da bango fari ko mai haske marar zane, fuska tana kallon gaba sosai. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu bai dace ba, domin kusancin gilashi yana ƙara girman hanci ya ɓoye kunnuwa. A ja baya kamar mita biyu, wani ya ɗauka. Wannan aiki dai har yanzu gidan hoto ya fi iya shi.

Abu uku da ke mulkin hoto

Mai kamara, ko mai wayar da ke da sashen da aka rubuta wa Pro, yana bukatar sanin abu uku. Na farko, tsawon lokacin da idon kamara ke buɗe. Kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa ya ishi mutumin da ke tsaye. Ƙasa da haka rawar hannu takan ɓata hoto, sai an jingina da bango ko an ɗora kamara a kan sanda mai ƙafa uku. Dawakin hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, ko ƴan kokowa a fagen neman takobi, sai da 1 cikin 500 ko 1 cikin 1000. Na biyu, faɗin ƙofar gilashi, wanda ake rubutawa da harafin f: ƙaramar lamba irin 2,8 ƙofa ce mai faɗi, tana fito da mutum ta dushe bayansa, babbar lamba irin 8 ko 11 tana fito da kowa, ita ta dace da hoton taro mai sahu uku. Yawancin wayoyi ba sa canja wannan ƙofa. Na uku shi ne ISO, wato ƙarfin jin haske: 100 da rana, 1600 ko fiye da dare, amma duk yadda aka ɗaga shi haka hoto ke yin tsaki-tsaki. Ukun nan kamar duwatsun murhu suke, in an taɓa ɗaya sai an gyara sauran.

Fitilar waya ba ta kai wa fiye da mita biyu ko uku, don haka kunna ta a babban zauren taro ɓarnar batir ce. Wajen tsara hoto kuma, a kunna layukan da ke raba allo gida tara. Suna taimakawa a miƙe gini da sararin sama, kuma idan an ɗora idon mutum a kan layin sama hoto ya fi zama daidai. A dubi bayan mutum kafin a danna, kada falwaya ko reshe ya tsiro masa a ka.

Ƙura da zafi

Iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga wurare irin kwarin Bodele na arewacin Cadi, wanda ke cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya. Wannan ƙura tana da kaifi. Wanda ya goge gilashi da bakin riga tana kai, kamar ya goge shi da yashi ne. A fara hure ta da ƴar robar hura iska, sa'an nan a goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. Yawancin hotunan waya da ke fitowa da hazo, maiƙon yatsa ne a kan gilashi. Mai kamarar da ake canja wa gilashi kada ya canja shi a fili cikin iska; ya shiga ɗaki ko mota, ya kifa bakin kamarar ƙasa. Zafi kuma maƙiyin batir ne. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce wayoyinsa an yi su ne domin aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa da Yamai yakan haura 40. Kada a bar waya ko kamara a gaban gilashin mota, kada kuma a yi caji a rana.

Aikawa da adanawa

WhatsApp yana matse hoto domin ya yi saurin tafiya, kuma a nan ne ƙananan rubutu da zanen yadi ke lalacewa. Tun 2023 akwai alamar HD da ake taɓawa kafin aikawa. Wanda ke so hoto ya isa yadda yake, musamman in za a wanke shi, ya aika shi a matsayin fayil, wato dokima. Sai dai a sani cewa hoton da aka aika ta wannan hanya yana tafiya da bayanan da ke ɓoye cikinsa: rana, sa'a, irin waya, wani lokaci har da wurin da aka ɗauka. Mai sito cike da kaya yana iya kashe wannan alama ta wuri a cikin saitin kamara.

Babbar asarar wannan zamani ita ce ta ajiya. Iyalai da yawa suna da hoton kakanni na shekaru hamsin a cikin akwati, amma hotunan sunan ɗan da aka haifa shekaru biyar da suka wuce sun tafi tare da wayar da ta faɗi daga kan kabu-kabu. Ƙwararru suna bin ƙa'idar 3-2-1: kowane hoto mai muhimmanci ya kasance wuri uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma nesa da gida. Google yana ba kowane mai asusu giga 15 kyauta, haɗe da wasiƙunsa. Ajiyar hoto kyauta marar iyaka ta ƙare tun Yunin 2021. Katin memori na jabu kuma ya cika kasuwa: a rubuta masa giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya cika ya riƙa cinye tsofaffin hotuna ba tare da sanarwa ba. Araha ba ta ado. A cika sabon kati da fayiloli a sake buɗe su kafin a amince masa. Hotuna goma ko ashirin mafi daraja na kowace shekara kuwa, a kai su gidan hoto a wanke, a rubuta suna da shekara a baya.

Inda za a ƙaru

Manhajar Snapseed kyauta ce a waya, GIMP da darktable kuma kyauta ne a kwamfuta. Gyaran haske, miƙe hoto da yanke gefe sun ishi mai koyo. Gasar Wiki Loves Africa, wadda aka faro a 2014, a buɗe take ga kowa, har mai waya. Bikin hotuna na Bamako ya faro a 1994, na Legas da na Adis Ababa a 2010, kuma ana samun ayyukan da aka nuna a can a intanet.

Da tsohuwar zuma ake magani. Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana da zane a bango, kuma saboda tsadar fim sau ɗaya yakan ɗauki mutum. Malick Sidibé ya sami babbar kyautar Zakin Zinariya a birnin Benis na Italiya a 2007 da hotunan samari da ƴan matan Bamako. A Yamai, Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano wanda ya rasu a 2014, ya bar shaidar shagulgulan birnin na shekarun 1960 da 1970. A Najeriya, Okhai Ojeikere ya shafe shekaru yana ɗaukar kitson mata har hotunan suka kai wajen dubu. Duk cikinsu babu wanda ya riƙe na'urar da ta kai wayar yau sauƙi. A kowane gari kuma akwai dattijon da ya yi zamanin fim, wanda waya ta rage masa ciniki. Awa guda a shagonsa, tare da ɗan abin goro, ta fi mako guda ana lalube.

Gaskiyar hoto da haƙƙin mutane

A watan Afrilu na 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ƙi karɓar kyautar da aka ba shi a gasar hotuna ta duniya ta Sony, ya bayyana cewa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton, babu kamarar da ta ɗauke shi. A cikin shekarar ne kamfanin Leica ya fitar da kamarar da ke liƙa wa kowane hoto shaidar asalinsa. Darasin ga ɗan kasuwa a fili yake: hoton kaya ko na takardar biyan kuɗi da baƙo ya aiko bai isa hujja ba. A nemi kiran bidiyo, ko a ce ya ɗauki kayan tare da takarda mai ɗauke da kwanan wata da sunan mai saye, kuma a tabbatar da shigar kuɗi daga banki ko gidan aika kuɗi kafin a saki kaya.

Mai ɗauka shi ma yana da nasa nauyi. A nemi izini kafin a ɗauki mutum, balle matan aure da yara da marasa lafiya. A nisanci barikoki da shingayen jami'an tsaro. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2022 da 2024, ta tanadi hukunci ga mai watsa abin da ke ɓata suna ko zubar da mutuncin wani, kuma ƙasa tana da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP. Hoton haɗari ko na gawa da aka watsa kafin dangi su ji labari, ko doka ba ta kama mai shi ba, kunya ta kama shi.

Ga aikin gwaji ga mai son ƙwarewa: ya zaɓi abu guda, ko da buta ce, ya ɗauke ta da hantsi, da rana tsaka, da la'asar, cikin rana da cikin inuwa, har kwana bakwai, ya jera hotunan ya kwatanta. Mako mai zuwa filin zai duba yadda ake ɗaukar tsofaffin hotunan takarda da waya domin a cece su daga gara da danshin damina.